Majigina a Asibitin Yaya

Litinin, 1 ga Yuni

Wata biyu ke nan da rufe silima saboda annoba. Shekara goma sha tara ina haska fim daga ɗan ɗakin nan na sama mai ƙaramar taga, yanzu ga ni zaune a gida ina ƙirga tarin maƙwabta. Na bayanmu ya yi sau bakwai tun safe. Mai ɗakina ta ce katako yake gogewa, shi ya sa. Wa ya sani.

Yaya ta kira da rana. Ita ce babbar nas a sashen da aka keɓe wa masu ciwon nan, sati shida ban sa ta a ido ba. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba. Wai an aiko musu finafinan koyarwa cike a filash, ɗan abin nan da ake maƙala wa kwamfuta, amma kowa leƙe yake a 'yar waya, ba a ganin komai. Ga shi an ɗebo sababbin ma'aikata, masu shara da masu tura gado, wasu ba su taɓa shiga asibiti ba sai dubiya. So take in ɗauko ƙaramin majigin silima in riƙa haska musu a zauren ma'aikata.

Na ce, Yaya, asibiti fa kika ce.

Ta ce, "Zauren yana can nesa da marasa lafiya, Auta. Ba wanda zai ce ka taɓa kowa."

Shekarata arba'in da bakwai, har yanzu Auta.

Ba zan je ba.

Talata, 2 ga Yuni

Mai ɗakina tana da asma. Wannan kaɗai ya isa hujja. Da na faɗa mata haka, sai ta ajiye ɗinkin da ke hannunta ta dube ni. "Kada ka laɓe a bayana, Malam. In tsoro kake ji, ka ce tsoro."

Tsoro nake ji. A nan dai zan iya faɗa.

Alhamis, 4 ga Yuni

Na je.

Mai silima ta taga ya jefo mini makulli, ko ƙofa bai buɗe ba. Titi fayau. A shinge na miƙa takardar izinin da Yaya ta aiko, ɗan sandan ya ce in ɗaga ta sama, daga can zai karanta. A bakin asibiti suka auna mini zafi a goshi. Talatin da shida da ɗigo takwas. Na tambayi mai gadi ko takwas ɗin ba ta yi yawa ba, ya ce in wuce, akwai mutane a bayana.

Zauren dogo ne, kujeru ashirin a warwatse, kowace da alamar alli a ƙasa. Babu allo, sai suka rataya farin zanen gado a bango. Ban tambayi wa ya kwanta a kai ba. Na so in tambaya. Tagogi dole su zauna a buɗe, haske kuma yana cinye hoto, sai na sa aka rataya barguna ta ɓangaren rana kawai. Na kafa majigi can baya, dab da ƙofa, inda iska take shigowa.

Fim na farko minti goma sha ɗaya ne. Wata mata ce tsaye a farin ɗaki tana cire kayan kariya. Safar hannu, wanke hannu. Riga, a naɗe ta ciki ya koma waje, wanke hannu. Gilashin fuska, ta baya ake kamawa, wanke hannu. Sai wani mutum ya zo ya cire nasa da gaggawa. Ashe an barbaɗa wa rigunan wani gari. Aka kashe fitila, aka haska su da shuɗin haske. Matar jikinta tas. Shi kuwa wuyansa da gefen idonsa sai ƙyalli suke. Ni kuma na tuna sau uku na sosa ido tun shigowata.

Sau huɗu na haska shi, rukuni bayan rukuni.

Na hango Yaya daga nesa, ta ɗago mini hannu. Takunkumi ya yi mata miki a karan hanci. Ta rame.

Da na dawo, a bakin ƙofa na tuɓe, kaya suka shiga ruwan zafi, na yi wanka har fatata ta yi raɗaɗi. Na kwashe shimfiɗata zuwa falo.

Asabar, 6 ga Yuni

Maƙogwarona yana ƙaiƙayi. Na sha ruwan zafi kofi biyar.

Lahadi, 7 ga Yuni

Ya daina.

Talata, 9 ga Yuni

Akwai wani tsohon likita mai sanda da ke zama a layin gaba. Shekara shida da yin ritaya, annobar nan ta sa ya dawo da ƙafarsa, ba wanda ya kira shi. In ya ɗaga sanda, tsayar da fim nake. "Mai Majigi, tsaya nan. Koma baya kaɗan." Sai ya juyo ya tambayi zaure me suka gani.

Na yau kan kwantar da marar lafiya rub da ciki ne, don huhu ya samu sarari ta baya. Matashi a ƙirji, matashi a ƙugu, matashi a ƙwauri, fuska a gefe. Sau tara ya sa na maimaita wuri ɗaya.

Akwai kuma wata dattijuwa mai goge ɗakin marasa lafiya, Inna Mai Bokiti ake ce mata, don har zauren take shigowa da shi, ta kife ta zauna a kai. Ita ce mai yin tambayar da kowa yake jin nauyin yi. Yau ta ce, "Likita, na cikin fim su biyar suke juya mutum ɗaya. Mu kuwa mu biyu ne. Sauran ukun su ma a filash za a turo mana su?"

Zaure ya kwashe da dariya, likitan har da tari. Ni tarin na ji. Na ja majigi baya taku ɗaya.

Bayan nan ya kwantar da wani ƙaton mai tura gado a kan tebur, ya nuna yadda mutum biyu za su yi da zanen gado. In marar lafiyan yana cikin hayyacinsa ma, in ji shi, mutum ɗaya ya isa, shi da kansa zai taimaka.

Juma'a, 12 ga Yuni

Tsohon likita ya ce ranar Juma'a babu darasi. Fim kawai, na labari, bayan an tashi daga aikin rana. Shi ya zo da shi a aljihu. Labarin wata matashiyar likita ce a wani ƙaramin asibiti da ambaliya ta yanke daga gari, magani ya ƙare mata, ta zaɓi wanda za ta bai wa na ƙarshe, ɗayan ya mutu, ta je da kanta ta faɗa wa matarsa.

Na ce a raina wannan tsoho ba shi da tausayi. Mutanen da suka wuni cikin wannan abu, shi za ka sake nuna musu?

Da ya ƙare ba wanda ya tashi. Likitan ya dogara da sandarsa yana jira. Can sai ƙaton nan mai tura gado ya ce, shi a satin nan gawa goma sha huɗu ya tura, bai san sunan ko ɗaya ba, kuma in ya je gida 'yarsa ta rugo, ihu yake mata ta tsaya can. Muryarsa ta karye. Ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri, suka bar shi ya yi abinsa. Wata nas ta ce ita ta daina kallon fuska, lambar gado take kallo. Sai Yaya, Yayata da ban taɓa ganin hawayenta ba ko ranar da muka rasa mahaifiyarmu, ta ce kowace safiya sai ta yi amai a bayi kafin ta sa riga.

Ni na ɗauka ni kaɗai ne matsoraci a ginin nan. Shekara goma sha tara ƙeyar 'yan kallo kawai nake gani ta tagata. Ban san haka fuskokin suke yi ba.

Sun fita suna hira. Har na ji wani yana fito a baranda.

Litinin, 15 ga Yuni

Fim ɗin yau ya tsaya mini a rai. Wani mutum ne zaune a gado yana danna waya, yana raha da nas, ya ce shi garau yake ji. Aka maƙala masa ɗan ma'aunin nan na yatsa mai nuna iskar da ke cikin jini. Tamanin da huɗu. Mai bayani ya ce ciwon nan haka yake yi, iska ta yi ƙasa mutum bai sani ba, sai ya faɗi. Lafiyayye casa'in da biyar zuwa sama. Ƙasa da casa'in, asibiti, ko da yana dariya. A ƙirga numfashi kuma, minti ɗaya cur, ba tare da ya san ana ƙirgawa ba.

Tsohon likita ya ɗaga sanda. "Kada ku yarda da bakinsa. Ku yarda da yatsansa."

Yaya ta aiko mini ma'auni ɗaya a leda, ta ce na mai asma ne. Daga la'asar zuwa magariba na auna kaina sau goma sha ɗaya. Casa'in da takwas, casa'in da takwas, casa'in da bakwai. Me ya sa bakwai?

Laraba, 17 ga Yuni

Motar asibiti ta shigo layinmu da hantsi. Maƙwabcin bayanmu aka ɗauka. Ashe ba katako ba ne.

Mai ɗakina ta yi shiru tun ɗazu. Da na matsa mata, sai ta ce makon jiya ta miƙa wa matarsa almakashi ta kan katanga, matar kuma ta dawo da shi. Almakashi kawai. Na dafa shi a tukunya.

Juma'a, 19 ga Yuni

Fim ɗin yau na dariya ne, na wani mai gadin asibiti da aka ɗauka babban likita ne saboda ya ari farar riga. Inna Mai Bokiti ta yi dariya har ta zame daga kan bokitin. Ni ma na dara a cikin takunkumi, na manta inda nake kusan rabin awa.

Tsohon likita barci ya yi a kujera, bakinsa a ɗan buɗe. Ba a tashe shi ba.

An fara jera gadaje a baranda. Ta ƙofar zaure ana hango ƙafafu.

Asabar, 20 ga Yuni

Kujerar tsohon likita ba kowa. Ban tambaya ba, Inna ce ta faɗa mini. An kwantar da shi.

Ranar Talata ya dafa majigina yana mini magana. Na goge wurin, na san na goge. Na goge kuwa?

Litinin, 22 ga Yuni

Da safe mai ɗakina ta kurɓi shayi ta ce na manta sukari. Cokali biyu na sa. Ta ɗauki sabulu ta shinshina, ta ɗauki turarenta ta shinshina, ta dube ni.

Da azahar zazzaɓi ya rufe ta.

Talata, 23 ga Yuni

Ban je aiki ba. Masu gwaji sun zo cikin fararen kaya, suka zura mana tsinke a hanci, maƙwabta na leƙe ta labule. Ni ma na daina jin warin komai, kaina yana sarawa kaɗan. Wata uku ina jiran abin nan kamar mai jiran hukunci, ya zo mini a ɗan ciwon kai. Ita kuwa tari take kamar ƙirjinta zai tsage.

Yaya ta ce babu gado, ko na baranda babu. In auna ta duk bayan awa huɗu in rubuta. "In ta yi ƙasa da casa'in ka kira lambar nan, sannan ka kira ni."

Na ce, Yaya, ni ban iya komai ba.

Ta ce, "Sau nawa ka haska finafinan nan? Ba ma'aikacin da ya kai ka kallonsu. Share hawayenka ka je ka ba ta ruwa."

Ban san ta ji ina kuka ba.

Alhamis, 25 ga Yuni

Sakamako ya fito. Mu biyu duka.

Ni na kawo shi? Almakashi ne? Ta ce in na sake tambayarta za ta jefe ni da kofi. Casa'in da huɗu da safe, casa'in da uku da yamma. Abin shaƙarta na asma yana kusa da hannunta. Na dawo da shimfiɗata ɗaki, tunda yanzu ba abin da zan guje wa.

Asabar, 27 ga Yuni

Casa'in da biyu. Na tattaro matasan gidan nan kaf, har na kujerun falo. Na ce mata ta kwanta rub da ciki. Ta ce ita rabonta da kwanciya haka tun tana yarinya, ƙirjinta ma ba zai bari ba. Na lallaɓa ta. Abin mamaki, hannuna ya san inda zai je. Ƙirji, ƙugu, ƙwauri, fuska a gefe. Muryar mai bayanin fim ɗin nake ji a kunnena, har inda yake ɗan numfasawa.

Bayan minti ashirin, casa'in da biyar. Na cire na sake maƙalawa. Casa'in da biyar.

Ta cikin matashi ta ce, "Yau kuma likita na aura?" Sai tari ya ƙwace maganar.

Rabin awa rub da ciki, rabin awa gefen dama, zaune, gefen hagu. Haka muka wuni kamar masu gasa nama.

Litinin, 29 ga Yuni

Ban san yadda zan rubuta yau ba.

Da safe na shigo da shayi na same ta zaune, ta ɗaura ɗankwali, tana waya da 'yarmu da ke aure a wani gari. Dariya take. Ta ce mata ta warke, yau ma za ta share ɗaki don babanku ya mai da shi kango. Wani daɗi ya kama ni, har na ajiye ma'aunin a kan tebur na ce yau a bar yatsan nan ya huta.

Sai na ga kafaɗunta. Suna ɗagawa da sauri-sauri, kuma tana yanke magana biyu-biyu. Na zauna kamar mai sauraron hirar, ina kallon agogo. Talatin da biyu a minti ɗaya.

Na maƙala mata. Tamanin da shida.

Na canja yatsa. Na murza hannunta ya yi ɗumi. Na gwada a nawa, casa'in da bakwai, ma'aunin lafiyarsa ƙalau. Na mayar. Tamanin da biyar.

Mutumin nan ne na cikin fim, mai danna waya. Shi ne zaune a kan gadona da ɗankwalin matata.

Na ce asibiti za mu. Ta ce ba inda za ta, ita garau take ji, wannan ɗan abu na roba ba zai fi ta sanin jikinta ba. Maƙwabci ya tafi, ya dawo? "In mutuwa ce, Malam, bar ni in yi ta a ɗakina, ba cikin mutanen da ban ga fuskarsu ba."

Shekara ashirin da huɗu ban taɓa ɗaga mata murya ba. Yau na yi. Ban tuna duk abin da na ce ba. Na dai tuna na ce ban yarda da bakinta ba. Ta yi zuru tana kallona kamar baƙo. 'Yarmu ashe tana kan layi, tana ta kiran Mama, Mama.

Na kira lambar. Suka tambaya, na ba su lissafi tiryan-tiryan: iska kaza, numfashi kaza, zafi kaza, kwana takwas da farawa, tana da asma. Matar da ta ɗauki wayar ta ce, kai ma'aikacin lafiya ne? Na ce a'a. Ta ce mota za ta zo, amma akwai layi.

Awa huɗu da minti goma. Na kwantar da ita rub da ciki, na buɗe tagogi duka, na zauna a ƙasa ina riƙe da yatsanta ina kallon lamba. Tamanin da bakwai. Tamanin da tara. Casa'in, na ɗan lokaci. Tamanin da takwas. Ba ta yi mini magana ba sai sau ɗaya, ta ce in sa mata carbinta da tabaranta a jaka.

Da la'asar suka zo. Ba su bar ni na bi ba. Na tsaya a bakin ƙofa da takalminta ɗaya a hannu.

Yaya ta ce an samu gado. Ta ce ba ita ta sa baki ba, lambar iskarta ce ta ba ta. Wani ne ya bar gadon da rana. Ban tambayi ta wace ƙofa ya fita ba.

Talata, 30 ga Yuni

Matasan suna nan a jere yadda ta bar su.

Laraba, 1 ga Yuli

Wata baƙuwar lamba ta kira da hantsi. Inna Mai Bokiti ce. Ta karɓi lambata a wajen Yaya.

"Mai Majigi, kwantar da hankalinka. Na goge ƙarƙashin gadonta yanzu. An sa mata iska, ta sha rabin kofi. Ta ce in gaya maka akwai wanki a igiya tun Lahadi, kuma ba ta yafe ihun nan ba tukuna."

Na ce, Inna, Allah ya biya ki. Ta ce in bar dogon godiya, wayarta a leda take, tana zamewa.

Na kwashe wankin.

Alhamis, 2 ga Yuli

Tsohon likita ya rasu da asuba. Allah ya jiƙansa.

Inna ta ce har jiya yana gyara wa wata sabuwar nas yadda ta ɗaura masa robar iska. Shi da ya san komai. To mai ɗakina fa, da ba ta san komai ba sai ɗinki?

Asabar, 4 ga Yuli

Ta ƙara yin ƙasa. An ƙara mata iska har ƙarshen abin da bututun ke bayarwa. Yaya ta ce in ba ta ɗago ba zuwa gobe, sai injin numfashi, injin kuma guda shida ne, duk da mutum a kai. Ta faɗe shi da muryar aiki. Sai ta ce, "Auta, ka ci abinci kuwa?"

Na san fim ɗin injin. Sau ashirin da wani abu na haska shi. Da ma ban gani ba. Da ma ban san inda bututun ke bi ba.

A'a. Da ban gani ba, da tana nan ranar Litinin tana shara har ta faɗi.

Ban sani ba. Duka biyun.

Lahadi, 5 ga Yuli

Waya a hannuna tun asuba. Ba ta yi ƙara ba.

Litinin, 6 ga Yuli

Ba ta yi sama ba, ba ta yi ƙasa ba. Inna ta ce ita da ƙaton mai tura gado ne suke juya ta, su biyu, da zanen gado. Ta ce ba ta musu gardama, wai ta saba a gida.

Laraba, 8 ga Yuli

An rage iskar kaɗan! Casa'in da ɗaya. Na yi sujada a tsakar falo, goshina ya bugi ƙafar tebur, ban ko ji ba sai daga baya.

Asabar, 11 ga Yuli

Na ji muryarta. Minti ɗaya, a wayar Inna. Ta dushe kamar ba ita ba. An mai da ita ɗakin masu samun sauƙi, su goma sha shida. Ta ce jiki da sauƙi, amma wunin ne ba ya ƙarewa. Ba abin kallo sai rufi. Ba abin ji sai tarin juna da ƙarar ƙafar gado in an turo wani a baranda, kowa ya yi lamo yana tunanin wane ne. Akwai wani dattijo a ƙarshen ɗaki, likitoci sun ce ya warke, amma ya juya fuska bango ya daina cin abinci.

"Tsoro ne yake cin mutane a nan, Malam. Kai ka san shi ai."

Maƙwabcinmu bai dawo ba. Yau na ji ya rasu. Ban faɗa mata ba.

Talata, 14 ga Yuli

Kwanakin killace ni sun cika, gwaji ya ce babu. Na koma zaure. An ɗebo wasu sababbi goma sha biyu, idanu tsuru-tsuru a saman takunkumi. Fim ɗin mai danna waya ne. Ya kai wurin da ake tsayawa, ba wanda ya ce a tsaya. Na tsayar. Kowa ya waiwayo. Na ce su duba kafaɗunsa, na koma baya kaɗan, na ce su ƙirga. Wata ta tambaye ni ko da gaske haka yake faruwa. Na ce da gaske ne.

Yaya ta ce kada in ɗauka don na yi ciwon sau ɗaya na tsira, ba wanda ya sani tukuna. Ba sai ta faɗa mini ba. Sau shida na wanke hannu kafin azahar.

Juma'a, 17 ga Yuli

Inna ce ta ja mini. Wai a haska wa ɗakin masu samun sauƙi fim ɗin mai gadin nan ta tagar gilashin baranda, ni ina waje. Na yarda da haka. To gilashin mai duhu ne, hoton ya fito kamar an jiƙa shi, wayar wutar kuma ba ta kai ba. Aiki ne na mutum, ba zan tsaya ina kallo a ɓata shi ba. Shi ya sa kawai na ce a ba ni rigar kariya.

Zafi a ciki ba a magana. Gilashin fuska ya yi hazo. Sau biyu na so in juya.

Mai ɗakina tana gado na huɗu, babu roba a hancinta. Ba ta gane ni ba sai da na sunkuya ina daidaita ƙafar majigi. Ta ce tafiyata ta gane, wai kamar agwagwa. Litinin za a sallame ta, in Allah ya yarda. Maganar ihu, ta ce za mu yi ta a gida.

Sun yi dariya, wasu da tari, wasu da hawaye. Dattijon ƙarshen ɗaki bai juyo ba sai wajen rabi. Da aka gama ya yafito ni da hannu, na je har bakin gadonsa, ban san lokacin da na je ba. Ya ce, "Yaro, gobe wanne za ka kawo?"

Na ce Asabar ba ranar aikina ba ce.

Na bar majigin a can. An ce duk abin da ya shiga ɗakin sai an yi masa feshi kafin ya fita, ni kuma ba na son ruwa ya taɓa gilashinsa. Wannan ne dalili. Akwai finafinai uku a tsohon filash ɗina da nake jin za su yi, zan duba su da safe. Fitilar majigin ba ta son a kashe ta da zafi, kuma ba wanda ya san haka a can sai ni.